Asai: Itacen Amazon da kasuwa ta ceta daga adda, take kuma neman mayar da dajinsa gona

A jihar Para da ke arewacin Burazil, inda kogin Amazon da kogin Tocantins ke gangarowa su zube a tekun Atlantika, akwai wani itace dangin kwakwa da ake kira asai. Mutanen ƙasar suna rubuta sunan açaí, masana tsirrai kuma suna ce masa Euterpe oleracea. Shekara hamsin baya, in ka bar yankin Amazon da wuya ka samu wanda ya taɓa ɗanɗana 'ya'yansa, ko da a cikin Burazil ɗin ne. Yau ana sayar da shi a shagunan Amurka da Turai da Japan, ana tallarsa da cewa yana gina jiki, yana kuma kare dajin Amazon. Maganar kare dajin nan ita ce ke buƙatar a zauna a warware ta, domin akwai gaskiya a cikinta, akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa.

A fara da itacen kansa. Siriri ne, dogo, yakan kai mita 20 ko ya wuce, gangarsa kuma sumul take, babu reshe ko ɗaya har sai an kai sama inda ganye yake. Abin da ya bambanta shi da 'yan uwansa shi ne ba ya tsayawa shi kaɗai. Daga gindi ɗaya sai ka ga kara da yawa sun tashi, manya da matsakaita da ƙanana, kuma in aka sare ɗaya, na ƙasa da shi ya taso ya maye gurbinsa. Wannan hali shi ne ya hana shi ƙarewa a lokacin da aka taso masa da sara, kamar yadda za mu gani. Mazauninsa na asali fadamun bakin kogi ne da tsibiran da ke kusa da teku, irin su Marajo. A can, duk lokacin da teku ta cika, takan tokare ruwan kogi ya koma baya ya malale ƙasa, sau biyu a kwana ɗaya, sannan ya janye ya bar laka. Lakar nan ita ce takin asai. Ba a yi masa ban-ruwa, ba a sayo masa taki, kogi ne ke ɗauke da nauyinsa.

'Ya'yan suna fitowa ne a zangarniya a ƙarƙashin ganye, ɗaruruwa a jikin kowace. Kowane ɗa bai wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, kuma in ya nuna yakan yi shunayya mai duhu har ya kusa zama baƙi. Abin mamakin shi ne kusan dukkansa ƙwallo ne. Kashi 80 cikin 100 ko fiye na nauyinsa ƙwallon ne, abin da ake ci kuwa ɗan siririn nama ne da ke manne tsakanin ɓawo da ƙwallo. Saboda haka ba a cinsa a hannu. Sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi ya yi laushi, a zuba a inji mai juyawa ana ƙara ruwa, injin ya kankare naman ya fito da shi a matsayin ruwa mai kauri. Kafin zuwan inji, mata ne ke murza shi da hannu su tace da rariya.

Wanda ya san asai daga shagunan ƙasashen waje zai ɗauka kayan zaƙi ne. A Para abinci ne na ƙoshi. Ba shi da zaƙi sam, ɗanɗanonsa na ƙasa-ƙasa ne, kuma mai ya fi sukari yawa a cikinsa nesa ba kusa ba, shi ya sa yake riƙe ciki. Ana zuba shi a kwano a barbaɗa garin rogo, a haɗa da soyayyen kifi ko busasshen jatan lande ko busasshen nama. A birnin Belem, hedikwatar jihar, akwai dubban ƙananan shaguna da ke niƙa shi kullum, alamarsu jar tuta ko jan allo a ƙofa. Da lita ake sayarwa, kuma kashi uku ne: mai kauri, matsakaici da tsararo, kowa da daidai aljihunsa. Ga iyalan da ke zaune a bakin kogi, a lokacin kakarsa asai na iya shiga abincin rana da na dare, kuma jariri na fara shansa tun bai iya tafiya ba.

Yadda ake ciro shi bai sauya ba duk da biliyoyin da kasuwarsa ke juyawa. Mai hawa yakan murɗa ganyen itacen, ko buhun leda, ya yi zobe da shi ya zura ƙafafunsa biyu a ciki. Sunan zoben peconha, masu sana'ar kuma peconheiros. Da zoben zai matse gangar itacen, ya rungume ta da hannu, ya riƙa jan jiki sama, wuƙa ko adda a baki ko a soke a ƙugu. In ya kai sama sai ya yanke zangarniyar, ya riƙe ta da hannu ɗaya, ya sulmiyo ƙasa da ɗayan, yana kiyaye kada ta bugu da ƙasa 'ya'yan su zube. A ƙasa wani zai tsefe su a kwando. Ana yin aikin da sassafe, domin in rana ta yi zafi gangar takan yi zafi ta ƙona fata. Babu igiyar tsaro, babu hular kwano. Faɗowa, da yankan adda, da saran maciji, da harbin kunama, duk abubuwa ne da masu wannan sana'a suka saba da su. Kuma tun da itacen siriri ne, mara nauyi ya fi dacewa da hawansa, wato yaro. A 2022 Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta saka asai na Burazil a jerin kayan da ake samarwa da aikin ƙananan yara. Iyaye da dama a can suna kallon abin a matsayin koya wa yaro sana'ar gado, kuma a da, lokacin da ake ciro zangarniya biyu ko uku don abincin gida, za a iya fahimtar hakan. Amma hawa don cika kwandunan masana'anta wani abu ne daban, kuma bai kamata a lulluɓe shi da sunan al'ada ba.

Da zarar an ciro shi, an shiga tsere da lokaci. Asai ba ya jure ajiya. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya fara tsami. Dole kwale-kwale da jiragen ruwa su kwashe shi a ranar, su kwana suna tafiya daga garuruwa irin su Igarape-Miri da Abaetetuba da Cameta, su isa kasuwar asai da ke gefen babbar kasuwar Ver-o-Peso a Belem cikin dare, a gama ciniki kafin gari ya waye. Wannan saurin lalacewa shi ne ke ba dillali ƙarfi a kan mai hawa. Wanda ba shi da jirgi, ba shi da wutar lantarki balle ɗakin sanyi, ba shi da bakin cewa zai riƙe kayansa sai gobe. Abin da mai jirgi ya taya, shi zai karɓa.

To ta yaya kasuwa ta ceci itacen? A ƙoƙon kowane kara, inda sabbin ganye ke fitowa, akwai wani farin nama mai taushi da ake yankawa a zuba a gwangwani a sayar. Ba a samunsa sai an kashe karan. A kudancin Burazil, inda aka fara wannan sana'a, itacen da ake sarewa ɗan uwan asai ne mai suna juçara, shi kuma kara ɗaya gare shi, in an sare shi ke nan. Da aka kusa ƙarar da shi, sai masana'antun suka kwaso kayansu suka nufi Para a wajejen shekarun 1970, suka shiga saran asai babu ƙaƙƙautawa. Abin ya yi muni har gwamnatin tarayya ta yi doka a 1978 ta hana sare itacen, dokar da ba ta yi wani tasiri a cikin dajin ba. Abin da ya sa aka ajiye adda shi ne lissafi. Da farashin 'ya'yan ya tashi a shekarun 1990, sai mutanen bakin kogi suka ga cewa karan da ke tsaye yana ba su kuɗi duk shekara, wanda aka sare kuwa sau ɗaya zai biya.

Tashin farashin ya faro ne daga Rio de Janeiro, inda a shekarun 1980 'yan wasan kokawar jiu-jitsu, musamman iyalin Gracie, da masu wasan sulu a kan igiyar teku suka rungumi daskararren asai da aka zaƙaƙa da ruwan guarana, wani ɗan itacen Amazon, aka haɗa da ayaba. Daga nan ya bazu a biranen kudu, a farkon shekarun 2000 kuma ya tsallaka Amurka. Yanzu Burazil na samar da fiye da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, kusan kashi 90 cikin 100 daga jihar Para, kuma mafi yawansa a cikin ƙasar ake shanye shi.

Tallar da ta raka shi ƙasashen waje ba ta cancanci dogon bayani ba. Gaskiya ne launinsa daga sinadarin antosayanin yake, wanda ke cikin 'ya'yan itatuwa masu duhu da yawa, kuma yana da mai mai kyau da ɓawon da ke taimakon hanji. Amma babu hujjar da ta tabbatar da cewa yana rage ƙiba ko yana warkar da ciwon daji ko yana hana tsufa. A 2011 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kai ƙarar masu shafukan labaran bogi da ke sayar da ƙwayoyin asai da sunan maganin ƙiba. Kwaɗayin ya kai har wani kamfani a Japan ya yi rajistar sunan açaí a matsayin tambarinsa, sai a 2007 aka soke rajistar bayan Burazil ta yi ƙorafi.

Akwai wata matsalar lafiya ta gaske da ke tattare da shi, ita ce cutar Chagas, wadda likitan Burazil Carlos Chagas ya gano a 1909. Wani ƙwaro mai shan jini da ke zama a jikin itatuwan kwakwa ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. In shi ko kashinsa ya shiga cikin 'ya'yan aka niƙa tare, duk wanda ya sha zai iya kamuwa, shi ya sa ake ganin gida guda sun kwanta lokaci ɗaya. Cutar na iya taɓa zuciya, ta kuma yi kisa. Sanyi ba ya kashe ƙwayar da tabbas, zafi ne ke kashe ta. A 2012 gwamnatin Para ta wajabta wa masu niƙa su wanke 'ya'yan, su tsoma su a ruwa mai zafin digiri 80 na daƙiƙa 10, sannan su sanyaya kafin niƙa. Masana'antu kuwa suna dafa ruwan sama-sama kafin su daskarar da shi. Mataki ne mai sauƙi, matsalar ita ce ba kowane shago ke bi ba. Wannan fargaba ce ta sa da farko aka cire asai daga jerin abincin da za a sayar a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Belem a 2025, sai da mutanen jihar suka yi ca aka janye hanin.

Yanzu ga asalin maganar. Idan asai ya zama shi ne abin da ke kawo kuɗi, me mai fili zai yi? Zai duba itatuwan da ke yi wa asai inuwa ya sare su, ya share ƙasa, ya ƙara dasa asai a gurbinsu. Bana ya cire kaɗan, baɗi ya ƙara, cikin 'yan shekaru wurin da ke da itatuwa iri-iri ya koma asai zalla. Daga sama, a hoton tauraron ɗan'adam, kore shar za a gani, babu wanda zai kira shi sare daji. Sai wanda ya shiga da ƙafa zai lura cewa manyan itatuwa irin su rimin Amazon da andiroba da sauran dangin kwakwa sun ɓace. Wani bincike da masanan Burazil suka wallafa a 2021 a mujallar Biological Conservation ya nuna cewa gwargwadon yawan gindin asai a fili, gwargwadon raguwar nau'o'in itatuwan da ke cikinsa. Ni a ganina nan ne hatsarin ya fi girma, domin ɓarnar da ba ta bayyana a hoto ba ta tayar wa kowa da hankali, kuma mai saye a can nesa yana ganin alheri yake yi wa dajin.

Abin da ya kamata mai filin ya sani shi ne cewa saran nan kansa yake yi wa. Furen asai namiji da mace a zangarniya ɗaya suke, amma ba sa buɗewa tare; mazan ke fara buɗewa, sai sun gama sannan matan su biyo. Ke nan zangarniya ba ta iya yi wa kanta barbara, sai ƙwari sun ɗauko garin fure daga wani itacen. Masu wannan aiki sun haɗa da ƙudaje da ƙwari iri-iri, amma ja-gabansu ƙananan ƙudan zuma ne marasa harbi, waɗanda da yawansu a kogon tsofaffin itatuwa suke yin gida, kuma furannin wasu itatuwan suke ci a watannin da asai ba ya fure. In ka sare masu gida ka sare masu abinci, wa zai yi maka barbarar? Binciken da aka yi a yankin ya nuna filayen da ke kewaye da daji sun fi samun masu barbara. Haka kuma ganyen sauran itatuwan da ke zuba yana ruɓewa shi ne ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, saiwarsu mai zurfi ita ke riƙe gaɓar kogi kada ta zaizaye, inuwarsu kuma tana rage wa asai zafi a shekarar fari. Farin da ya afka wa Amazon a 2023 da 2024 ya nuna cewa wannan ba tsoron banza ba ne.

Ba wai an rasa mafita ba. Hukumar binciken noma ta Burazil, Embrapa, ta daɗe da fitar da tsari: a kowace hekta a bar gindin asai kimanin 400, tare da wasu dangin kwakwa 50 da sauran itatuwa 200. A kowane gindi a bar kara kaɗan masu shekaru daban-daban, a sare waɗanda suka yi tsayi da yawa har hawansu ya zama kasada, a sayar da farin namansu. Wanda ya bi wannan yana samun asai, yana samun katako da man andiroba da koko da zuma, ba ya dogara da kaya ɗaya. Amma wa zai tilasta a bi, a yankin da ke da dubban tsibirai da ƙoramu, inda da yawa daga cikin mazauna ba su da takardar mallakar filin da suke kai? Kuma mutumin da ke da watanni huɗu ko biyar na kaka, daga wajen Agusta zuwa Disamba, don ya tara abin da zai ci shekara, da wuya ka gamsar da shi ya bar itacen da ba ya kawo masa kuɗi yau, muddin wanda ke sayen kayansa farashi ɗaya yake biya ko daga daji aka ciro ko daga fili mai asai zalla. Laifin bai tsaya a kan mai adda shi kaɗai ba.

A birni kuma wani ciwon ne. Talakan Belem yanzu gogayya yake yi da masana'antun da ke daskarar da asai su tura kudu da ƙasashen waje. A watannin da ba kaka ba, farkon shekara ke nan lokacin da ruwan sama ya yi yawa, farashin lita kan ninka, mai shan mai kauri ya koma tsararo, mai shan tsararo ya haƙura. Abincin da a da ake yi wa kallon na marasa hali ya fara fin ƙarfin masu shi. Sannan ga tulin ƙwallo da ake zubarwa a bakin titi kullum, ko da yake yanzu ana kwashe wani kaso a ƙona a matsayin makamashi a wuraren gasa bulo da masana'antar siminti.

Don cike giɓin watannin rashi ne aka fara fitar da asai daga fadama zuwa tudu. Embrapa ta fitar da irin BRS Pará a 2004, wanda ke fara haihuwa da wuri tun itacen bai yi tsayi ba, sannan BRS Pai d'Égua a 2019, wanda in ana yi masa ban-ruwa yake ba da 'ya'ya har a lokacin da na fadama ya huta. In aka dasa su a tsofaffin makiyayun shanu da suka lalace, riba biyu ce: ƙasa ta farfaɗo, matsin da ke kan dajin fadama ya ragu. Sai dai gonar tudu tana shan ruwa sosai, tana son taki da famfo da wutar lantarki, wato sai mai jari. Masanin tattalin arzikin noma na Embrapa, Alfredo Homma, ya daɗe yana jan hankali cewa duk kayan dajin da kasuwarsa ta bunƙasa, ƙarshenta a gona ake noma shi, masu tsinta daga daji kuma a bar su a baya. Mutanen Amazon sun ga haka da roba. A 1876 Baturen Ingila Henry Wickham ya kwashi irin itacen roba daga yankin, aka dasa shi a gonaki a Asiya, kuma zuwa wajen 1912 kasuwar robar Amazon ta durƙushe.

Mutanen bakin kogi suna da abin da mai gonar tudu ba shi da shi: ruwa da taki kyauta, da masu barbara muddin dajin na tsaye. Abin da ke hana su cin moriyar wannan fifiko shi ne kwana ɗayan nan da kayan ke lalacewa a cikinsa. Shi ya sa ƙungiyoyin gama-kai da ke wasu garuruwan yankin suka fi ba da ƙarfi wajen mallakar jirginsu, da injin niƙa, da ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, domin wanda ya iya daskarar da kayansa a watan Oktoba zai iya sayar da shi a watan Maris, lokacin da lita ta yi tsada.